Kwamfuta Tana Jin Kanta, Ba Ta Jin Kowa: Bin Sawun Matsalar 127.0.0.1 Da Hanyoyin Netwok

Wata Talata bayan la'asar wani mai kemis ya kira ni. An saka masa manhajar lissafin kaya a kwamfutar da ke kan kanta, tana aiki sumul, amma ta biyun da ke cikin sito ta ƙi buɗe manhajar. Na tarar da yaron da ya haɗa masa kayan a tsaye, gumi ya jiƙa masa riga. Ban gama sallama ba ya tare ni: "Oga, wallahi netwok ƙalau yake, na yi ping ya amsa." Na ce wane adireshi ka yi wa? Ya ce 127.0.0.1. Na leƙa burauzar kwamfutar sito, sai ga `localhost:8000` a rubuce.

Yaron bai yi ƙarya ba, ping, wato umarnin da ke aika saƙon gwaji a ga ko za a amsa, ya amsa. Amma ko da zai zare kebul ɗin ya kashe rauta ya sake gwadawa, amsar nan dai zai samu. 127.0.0.1 ba adireshin wata kwamfuta takamaimai ba ne. Kalmar "ni" ce a bakin na'ura. Idan kwamfutar da ke kan kanta ta ce "ni", kanta take nufi. Idan ta sito ta ce "ni", ita ma kanta take nufi. Duk abin da aka aika wa wannan adireshi ba ya taɓa kebul ko Wi-Fi, a cikin na'urar yake juyawa ya dawo. Shi ya sa nake ce masa adireshin koma-gida, `localhost` kuwa sunansa ne. Ba shi kaɗai ba ne ma: ƙa'idar RFC 1122 ta 1989 ta ware duk adireshin da ya fara da 127, sama da miliyan 16, don wannan aiki. A tsarin IPv6 kuwa guda ɗaya tak aka ware, `::1`.

Hanyar da nake bi ita ce daga ciki zuwa waje. Ka ɗauki kwamfuta kamar gida: adireshi shi ne gidan, lambar fot ɗakin da manhaja take zaune, getwe kuma zauren da ake bi a fita titi. Ba a tsallake ɗaki a tafi neman matsala a bakin kasuwa.

Kafin ka taɓa komai, karanta abin da ta ce

Mafi yawan masu gyara ba sa karanta saƙon kuskure, suna ganin ja sai su ce "babu netwok". Alhali rabin aikin yana cikin kalmomin nan.

`Connection refused` labari ne mai daɗi. Saƙonka ya isa gidan, aka ce masa babu kowa a ɗakin da ya ambata. Hanya lafiya take, manhajar ce ba ta saurare a wurin. `Connection timed out` kuwa ɗan aike ya tafi shiru bai dawo ba: ko katangar tsaro (fayawol) ta haɗiye shi, ko ya ɓata a hanya, ko amsar ce ta rasa hanyar dawowa. `Network is unreachable` na nufin bai ma fita ba, kwamfutarka ta duba jadawalin hanyoyinta ba ta ga inda za ta tura shi ba. In kuma ka ga `Destination Host Unreachable` kuma adireshinka ne ke ba da amsar, to kwamfutarka ta yi kira a layin gida, maƙwabcin da ake nema bai amsa ba.

Rubuta saƙon a takarda. Duk canjin da ka yi, ka duba ko ya sauya.

Mataki na farko: tana jin kanta?

`ping 127.0.0.1`

Kusan kullum zai amsa, sai ka wuce gaba. In ya ƙi a Linux, buga `ip addr show lo` (`lo` shi ne sunan hanyar koma-gida a Linux). Ya kamata ka ga kalmar `UP` a cikin `<LOOPBACK,UP,LOWER_UP>`, da layin `inet 127.0.0.1/8`. Kada `state UNKNOWN` ya tayar maka da hankali, haka `lo` yake nunawa ko yana lafiya. In a kashe yake, `sudo ip link set lo up` zai tashe shi.

Abin da ya fi kashe shi a sabar shi ne mai sabar da kansa. Mutum ya ga ana cewa a toshe komai, ya saka dokar `DROP` a iptables, katangar tsaron Linux, ya manta bai bar wa `lo` hanya ba. Nan take manhajar gidan yanar ta daina ganin rumbun bayanai, komai ya riƙa jan ƙafa. Maganinsa layi ɗaya ne, kuma a sama ake saka shi: `sudo iptables -I INPUT 1 -i lo -j ACCEPT`. In ka toshe `OUTPUT` ma, ka buɗe masa da `-o lo`.

A Windows, idan ping ɗin nan ya ce `General failure`, buɗe Command Prompt da ikon admin, ka buga `netsh winsock reset` da `netsh int ip reset`, ka sake kunna na'urar. Amma ka fara kwafe adireshin da aka saka da hannu, domin na biyun na iya share shi. Masu Mac kuma su sani cewa 127.0.0.1 kaɗai ke amsawa a `lo0`. In kana son 127.0.0.2, sai ka ƙara shi da `sudo ifconfig lo0 alias 127.0.0.2`. A Linux duk dangin 127 suna amsawa ba sai an ƙara ba.

Na biyu: sunan localhost

Yanzu gwada `ping localhost`. Lamba ta amsa suna ya ƙi? Duba fayil ɗin `/etc/hosts`, ko `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts` a Windows. A Linux ana son ganin `127.0.0.1 localhost`, sau tari har da `::1 localhost`. A Debian da Ubuntu za ka ga wani layi mai 127.0.1.1 ɗauke da sunan kwamfutar. Ba kuskure ba ne, bar shi. Haka `nameserver 127.0.0.53` a `/etc/resolv.conf`: systemd-resolved ne zaune a cikin gida yana karɓar tambayoyin DNS, wato fassara suna zuwa adireshi, kuma `resolvectl status` zai nuna maka ainihin wanda yake miƙa wa tambayoyin.

Tarkon da ke nan shi ne localhost suna ɗaya ne mai gida biyu. Manhaja na iya zama a 127.0.0.1, mai nemanta ya je `::1`. Tun daga Node.js 17 da ya fito a 2021, wanda ya daina fifita IPv4 wajen fassara suna, masu rubuta manhaja da yawa suka fara cin karo da `ECONNREFUSED ::1:3306`. Saƙon ma ya faɗi komai: an je `::1`, MySQL ba ya can. Rubuta 127.0.0.1 ƙarara a saitin, magana ta ƙare.

MySQL yana da wata ɗabi'a tasa daban. A Linux, in ka ce masa `localhost`, ba ya bin netwok sam, ta wani fayil na soket yake shiga. In ka ce 127.0.0.1, sai ya bi TCP. Don haka `mysql -h localhost` na iya aiki, `mysql -h 127.0.0.1` ya ƙi, ko akasin haka, a kwamfuta ɗaya a minti ɗaya. Sannan in ana amfani da furoksi a ofis, wato sabar da ke karɓar saƙonka ta miƙa shi a madadinka, tabbatar localhost da 127.0.0.1 suna cikin `no_proxy`, in ba haka ba za a kai wa furoksi saƙon, shi kuma ya nemi "ni" a jikinsa.

Na uku: a ina manhajar take saurare?

Nan matsalar mai kemis take, kuma nan na fi samun matsala a irin wannan kira. Bayan na gyara adireshin burauzar sito zuwa na kwamfutar da ke kan kanta, 192.168.8.101, har yanzu ba ta buɗe ba. Na koma kan kanta na buga:

`netstat -ano | findstr :8000`

Sai ga `127.0.0.1:8000` da `LISTENING` a gabansa. A Linux `sudo ss -tlnp` ke wannan aiki, har da sunan manhajar.

Lambar da ta zo kafin fot ita ce komai. In 127.0.0.1 ce, manhajar ta kulle kanta a ɗaki, 'yan gida kaɗai take amsa wa. In `0.0.0.0` ce, ko `[::]`, tana amsa wa duk wanda ya zo ta kowace hanya. In adireshin kwamfutar ne, misali 192.168.8.101, to ta nan kaɗai take ji, kuma localhost ba zai same ta ba. Manhajoji da yawa a kulle suke zuwa da gangan: Django a 127.0.0.1:8000, Flask a 127.0.0.1:5000, PostgreSQL da `listen_addresses = 'localhost'` a fot 5432, MySQL na Ubuntu da `bind-address = 127.0.0.1` a fot 3306.

Ta mai kemis da Django aka rubuta ta. Muka tashe ta da `python manage.py runserver 0.0.0.0:8000`, muka ƙara adireshin a `ALLOWED_HOSTS`. (Na gaya wa yaron cewa `runserver` na gwaji ne, ba na riƙe shago ba, amma wannan zancen wata rana ne.) Aka gwada daga sito, burauza ta yi ta juyi har ta gaji. Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗin shagon a matsayin `Public`, katangarta na zubar da duk baƙon da ya zo. Yaron ya ce, "Oga, in kashe fayawol ɗin kawai?" Na ce a'a, kada garin neman gira a rasa ido. Muka mai da netwok ɗin `Private`, muka buɗe fot 8000 shi kaɗai. Shafin ya buɗe. Ka kuma tuna cewa katangar Windows kan ƙi amsa ping daga waje ko da komai lafiya, don haka shirun ping ba hujja ba ne. Gwada fot ɗin kai tsaye da `Test-NetConnection 192.168.8.101 -Port 8000` a PowerShell, ko `nc -vz` a Linux.

Ban yarda a buɗe rumbun bayanai ga `0.0.0.0` don kawai mutum yana son leƙawa daga laftof ɗinsa ba. Akwai hanya mai tsabta:

`ssh -L 3307:127.0.0.1:3306 suna@adireshin-sabar`

Lura da kyau: 127.0.0.1 da ke tsakiyar nan "ni" ɗin sabar ne, ba naka ba. Kai sai ka haɗa da fot 3307 a kwamfutarka, SSH ya kai saƙon can ya miƙa shi daga cikin gida.

Wannan batu na "ni ɗin wa?" shi ke rikita mutane a Docker, manhajar da ke killace kowace manhaja a nata akwatin da ake kira kwantena. Kowace kwantena tana da nata 127.0.0.1. Manhajar da ke cikin kwantena in ta nemi rumbun bayanai a localhost, cikin kwantenar take dubawa. A Docker Desktop `host.docker.internal` ke kai ta ga uwar na'ura. In kuma kwantenoni biyu ne a Compose, da sunan sabis suke kiran juna. A kwaikwayon wayar Android na Android Studio, 10.0.2.2 shi ne localhost na kwamfutarka. Wayar gaske kuwa sai da adireshin Wi-Fi na kwamfutar.

Na huɗu: adireshin gidan

`ip addr` a Linux, `ipconfig /all` a Windows. Adireshin da ya fara da 169.254 alama ce cewa kwamfutar ta nemi adireshi wurin DHCP, mai rabon adireshi a netwok, ba ta samu ba, ta laƙa wa kanta. Duba kebul, duba rauta, sannan `ipconfig /release` da `ipconfig /renew`. Kwatanta kwamfutocin biyu: in ɗaya tana 192.168.8.x, ɗaya tana 192.168.0.x, kuma mask ɗinsu 255.255.255.0, ba layi ɗaya suke ba. Sau tari ɗaya tana kan MiFi, ɗayar ta koma hotspot ɗin wayar wani ba a lura ba. In layi ɗaya suke amma ba sa ganin juna alhali kowacce na shiga intanet, nemi `AP isolation` a saitin rauta ka kashe.

Na biyar: jadawalin hanyoyi

Duk saƙon da zai fita, sai kwamfuta ta duba jadawali ta zaɓa masa hanya, kamar ɗan kamasho a tasha yana nuna wa fasinja motar da zai shiga. `ip route` ke nuna shi a Linux, `route print` a Windows, `netstat -rn` a Mac. Ga irin wanda na sha gani a ofis:

```
default via 192.168.1.1 dev enp3s0 metric 100
default via 192.168.8.1 dev wlan0 metric 600
192.168.1.0/24 dev enp3s0
192.168.8.0/24 dev wlan0
```

Doka biyu ce. Ta farko, hanyar da ta fi ƙunci ita ke cin nasara: /24 ta fi /16, /16 ta fi `default`, domin gwargwadon girman lambar da ke bayan `/` gwargwadon ƙuncin hanyar. In akwai motar da za ta sauke ka a unguwarku, ba a saka ka a wadda za ta ajiye ka a bakin gari. `default` motar waɗanda ba a samu tasu ba ce. Ta biyu, in hanyoyi biyu sun yi kunnen doki a faɗi, mai ƙaramin metrik, lambar da ke bayan `metric` a jadawali, ake bi. Mutane na juya waɗannan dokoki, su yi ta rage metrik alhali wata hanya mai ƙunci ce ke kwashe saƙon.

A jadawalin da ke sama, kebul yana zuwa rautar ofis wadda datarta ta ƙare, an bar ta don firinta da sabar kawai. Data tana kan MiFi. NetworkManager yana ba kebul metrik 100, Wi-Fi 600, don haka da zarar an soka kebul intanet ya ɗauke, an zare ya dawo. Ba sai ka yi hasashe ba, tambaye ta:

`ip route get 8.8.8.8`

Za ta faɗa maka getwe, da ƙofar da za a fita ta ciki, kebul ko Wi-Fi, da adireshin da za a saka a matsayin mai aikawa. In umarni ɗaya za ka haddace a duk rubutun nan, wannan ne. Gyaran shi ne a hana kebul zama hanyar fita: `nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.never-default yes`, sannan a sake tayar da haɗin. A Windows ana rage metrik na Wi-Fi da `Set-NetIPInterface -InterfaceAlias "Wi-Fi" -InterfaceMetric 10`.

In babu layin `default` gaba ɗaya, za ka ga maƙwabta amma ba za ka fita ba. `sudo ip route add default via 192.168.1.1` zai gwada maka. Dole getwe ya kasance a layinka. In ba haka ba Linux zai ce `Nexthop has invalid gateway`. Zaure dai a jikin gida yake.

Akwai masu shigowa su ƙara hanya ba sallama. Docker yana ɗaukar 172.17.0.0/16 wa `docker0`. In netwok ɗin makarantarku ko ofishinku yana cikin wannan zango, ranar da ka saka Docker za ka daina ganin sabar ɗinku, domin saƙon yana faɗawa cikin `docker0`. Ana sauya zangon da `bip` a `/etc/docker/daemon.json`. OpenVPN kuma kan ƙara 0.0.0.0/1 da 128.0.0.0/1. Rabi biyu ne da suka rufe duk intanet, kuma kowanne ya fi `default` ƙunci, don haka komai sai ya bi ta VPN ba tare da an goge hanyarka ta asali ba. In VPN ya mutu ya bar su, intanet ya tafi ke nan sai ka goge su. Mafi cin rai shi ne gida da ofis duka su zama 192.168.1.0/24: VPN zai haɗu, amma in ka nemi 192.168.1.10 na ofis, kwamfutarka a falonka za ta neme shi. Sauya zangon rautar gida ya fi sauƙi.

Gargaɗi ɗaya: in ta SSH kake aiki a sabar da ke nesa, kada ka goge `default` kafin ka tanadi wata hanyar shiga. Za ka kulle kanka a waje, makulli a ciki.

Na shida: zuwa da dawowa

Hanya biyu ce, kuma kowace na'ura da nata jadawalin. Ka iya aika saƙo ya isa, amsa ta rasa hanya. Je can ɗaya ɓangaren ka buga `sudo tcpdump -ni any icmp` yayin da kake ping daga nan. Ka ga `echo request` na shigowa ba `echo reply`, ko amsar na fita ta wata ƙofa daban? To jadawalin can ne ke da gyara, ba naka ba. In kwamfutar Linux ce ka mayar rauta tsakanin layi biyu, duba `sysctl net.ipv4.ip_forward`, in 0 ne, ba za ta miƙa wa kowa komai ba.

`traceroute -n 8.8.8.8`, ko `tracert -d 8.8.8.8` a Windows, zai jero maka zangon da saƙo ke yada. Tauraro a layi ɗaya ko biyu a tsakiya ba komai ba ne, wasu rautoci ba sa amsawa. Abin dubawa shi ne inda amsa ta yanke gaba ɗaya, ko adireshi biyu su riƙa maimaituwa, wannan ya tura wa wancan, wancan ya dawo da shi. Kowane saƙo yana da adadin zangon da aka yanka masa, 64 a Linux, 128 a Windows, in ya ƙare sai ping ya ce `Time to live exceeded`. Rautoci biyu ne kowacce ke nuna 'yar'uwarta a matsayin hanya.

In `ping 8.8.8.8` ya amsa amma suna bai buɗe ba, ka bar jadawali ya huta, DNS ne.

Saura masu son shiga kyamarar shago ko sabar daga waje. Ka tura fot a rauta, ka gwada adireshin waje kana zaune a cikin shagon, ya ƙi? Wataƙila rautar ce ba ta iya juyo da saƙo ciki ba, abin da saitinta ke kira `NAT loopback`. Kashe Wi-Fi na wayarka ka gwada da data. In har yanzu shiru, duba adireshin WAN na rautar, wato wanda kamfanin layin ya ba ta. In yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, zangon da RFC 6598 ta ware a 2012, ko ya fara da 10, to kamfanin layin ya haɗa ka da jama'a da yawa a bayan adireshi ɗaya, kuma tura fot ba zai yi aiki ba ko ka kwana a kai. Wannan ruwan dare ne a layukan SIM. Sai dai ka nemi adireshi na kanka wurin kamfanin, ko ka bi ta rami irin WireGuard zuwa wata sabar da ke da adireshin waje.

Duk abin da ka ƙara da `ip route add` yana tafiya da zarar an kashe na'ura. In ya yi aiki, rubuta shi a netplan ko `nmcli`. A Windows ka saka `-p`, kamar `route -p add 10.20.0.0 mask 255.255.0.0 192.168.1.254`.

Kwana uku bayan aikin kemis sai ga kira: "Injiniya, abin nan ya sake tsayawa." An ɗauke wuta da dare, MiFi ta mutu, da ta tashi wayar mai gadi ta riga kowa shiga ta karɓe .101, kwamfutar da ke kan kanta ta koma .103. Ta waya na sa yaron ya buga `ipconfig /all`, ya karanto mini lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok ɗin, muka ɗaure ta da adireshi ɗaya a saitin DHCP na 192.168.8.1. Ya rubuta adireshin da maka a jikin salatif ya manna a gefen allon kwamfutar sito.